Kama da Wane Ba Ta Wane: Kwana Sha Biyu a Mai Wurno

Motarmu ta bar Khartum, babban birnin Sudan, bayan sallar asuba, muka miƙi hanyar kudu. Wannan kuwa 'yan shekaru ne kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, lokacin matafiyi yana iya kishingiɗa a kujera ya yi barcinsa. Hanyar ta ratsa Jazira, ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙar laka, gonakin auduga da na dawa iyakar ganinka. Muka karya kumallo a Wad Madani da dafaffen wake da man riɗi da burodi, muka isa Sinnar rana ta take. Daga nan ƙaramar mota ce ta ƙarasa da ni Mai Wurno, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba.

Zumunci ne ya kai ni. Ƙanin kakana ya bar Kano da ƙafa da niyyar sauke farali, ya tsaya noma a bakin Shuɗin Nilu don ya ƙara guzuri, ya yi aure, tsayuwa ta zama zama. Ɗansa ne Baffa, wanda na sauka a gidansa. Garin kansa ɗan gudun hijira ne: bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka yada zango a nan, garin ya ci sunansa. A layi ɗaya sai ka ji Fulatanci, ka ji Larabci, ka ji Hausa irin wadda kakanninmu ke yi, da kalmomin da mu a Kano muka daɗe da yarwa. Da suka ji ina koyar da ilimin halittu a sakandare, sai sunana ya ɓace, kowa ya koma kirana Ustaz.

Duk inda za ni akwai abu uku a aljihuna: ɗan madubin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da wankakkiyar kwalbar magani, da ƙaramin littafi. Ban yi zaton zan fito da su tun daren farko ba.

Mun idar da isha'i, an fito da gadajen igiya tsakar gida, waɗanda suke kira angarib. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ƙwari sun yi dafifi a jikin ƙwan lantarkin da ke ƙofar ɗakin Inna. Can sai na ga autan gidan, yaro ɗan shekara sha biyu, ya cire silifa ya nufi bango.

"Tsaya, Auta! Me za ka kashe?"

"Tautau ne, Yaya. In ya bi jikin mutum sai wurin ya tashi."

Na matsa kusa. Ɗan halitta ne da bai fi ƙwayar wake tsawo ba, baƙi, da farin zane ɗaya da ya taso tun daga goshi ya miƙe ta tsakiyar baya har ƙarshen ciki, ga kuma farin zane a kowane gefe. Kusa da ƙarshen cikin akwai fararen ɗigo biyu. Ina matsowa ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, ya ɗaga kai, ya zuba mini manyan idanu biyu kamar fitilun mota. Na ce wa Auta ya mai da takalminsa ƙafa, wannan baƙon tare za mu kwana.

Wannan juyowar ita ce alamar farko, tun kafin a zo maganar launi. Gizo-gizo mai tsalle idanunsa takwas: huɗu a jere a fuska, biyun tsakiya manya ƙwarai, sai wasu 'yan mitsi-mitsi biyu a bayansu, sai biyu can a saman kai suna gadin baya. Na gefe ke hango motsi, su sa shi ya waiwayo, manyan nan biyu kuma su tantance ko abinci ne, ko abokin gaba, ko mace. Ba ya saƙa yana don kama ƙwaro. Sanɗa yake yi kamar kyanwa, ya auna, ya daka tsalle. Ba shi da kaurin cinya irin na fara. Ruwan jikinsa yake turawa da ƙarfi cikin ƙafafun baya su miƙe farat ɗaya. Kafin ya tashi kuwa sai ya manna zare a inda yake tsaye, kamar mai yasar rijiya da igiya a ƙugu, in ya kuskure ya hawo abinsa. Muna tsaye ya nuna mana: wani ɗan malam-buɗe-littafin dare ya sauka kamar taƙi ɗaya daga gare shi, kafin Auta ya rufe baki har an gama.

Danginsu, waɗanda masana ke kira Salticidae, sun haura iri 6,000, babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa. Na bangon Inna sunansa Plexippus paykulli, namiji. Na faɗa ba tare da shakka ba, domin yana cikin 'yan kaɗan ɗin da zanensu ke faɗin sunansu da babbar murya: in ka dube shi ta gaba, farin zane uku ne a kan baƙar fuska. Inna dai ba ta gamsu ba. Ta nuna mini tabo a wuyan jikarta, ta ce aikin tautau ne. Na ce mata irin wannan ƙunar mai tashi da ruwa galibi aikin wani ƙwaro ne na damina, wanda su da kansu suke kira fasaya. In aka murje shi a fata ruwansa ke ƙona mutum. Mai tsalle kuwa guje wa mutum yake yi, dafinsa na ƙuda ne da sauro.

Washegari Auta ya zama ɗan rakiyata. Kafin azahar ya zo da rahoto: ya zaga gida da zaure da bayan rumfa, ya ƙirga iri huɗu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, huɗun nan suka koma biyu.

A nan ne wanda ya dogara da launi kaɗai yake fara ɓata. A wannan dangi namiji da mace sukan bambanta har ka rantse ba su haɗa komai ba. Namiji ne mai ado, domin da ado da rawa yake neman aure, ita kuwa macen ido gare ta mai rarrabe launi, tana zaune tana duba. Macen Plexippus ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce mai sirkin toka. Zanen tsakiyar bayanta ba fari ba ne, ruwan ƙasa ne mai haske, in ya gangaro kan ciki sai ya karye ya yi kamar kan kibiya. Abin da ya tona ta shi ne ɗigon nan biyu na ƙarshen ciki, suna nan daram inda na mijin suke. Na ce wa Auta ya daina tambayar wane launi ne, ya riƙa tambayar ina alamar take: a tsakiya ko a gefe, a tsaye ko a gicciye, ta kai ƙarshe ko ta yanke a hanya. Launi yana koɗewa, mazaunin alama ba ya ƙaura.

Na biyun shi ne wanda na fi so, kuma a gindin randa muka same shi, inda ƙasa ke da sanyi. Ya fi na farko ƙanƙanta, milimita shida ko ƙasa da haka. Baƙi ne, da ja-ja a kewayen idanu kamar wanda ya sha kwalli da jan-baki a wuri ɗaya. A ƙeyarsa farin jinjirin wata, a farkon cikinsa wani jinjirin watan, can baya 'yan fararen ɗigo. Amma abin da ke fara kama ido shi ne 'yan hannuwan nan biyu da ke gefen bakinsa, masu farin gashi tas, yana ta kaɗa su sama da ƙasa kamar mai alwala. Hasarius adansoni ke nan. Macensa kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan kwalliya, ruwan ƙasa ce mai duhu, ta ɗan fi shi girma. Auta ya ɗauko madubin Inna ya kafa a gaban namijin. Da ya ga kansa sai ya ɗaga ƙafafun gaba, ya buɗe su, ya shiga takawa gefe-gefe yana cika baki da abokin hamayyar da babu shi. Yaran gidan duka suka taru, har Baffa ya ajiye carbi ya leƙo.

Sunayen nan biyu suna da alaƙa da kogin da muke kwana a bakinsa. Wani masani Bafaranshe, Audouin, shi ya raɗa musu suna a 1826, daga cikin halittun da aka tattaro a Masar lokacin da Faransawa suka shiga ƙasar a 1798. Na biyun an sa masa sunan Michel Adanson, wanda ya yi shekaru yana nazarin tsirrai a Sanagal. Da sunan mutumin nan ne kuma masana ke kiran itacen kuka, wato Adansonia. Da na faɗa wa Baffa cewa kukar da suke kira tabaldi da ɗan gizon gindin randarsa takwarori ne, ya daɗe yana jinjina kai. Gizo-gizon nan biyu yanzu sun bi jiragen ruwa da kayan fatake sun bazu a ƙasashe masu zafi na duniya. Wanda ke bangon Mai Wurno shi ne a bangon Fagge, shi ne a Jidda.

A rana ta biyar muka shiga Sinnar ganin madatsar ruwan da aka gama a 1925, wadda ke shayar da gonakin Jazira. Mun ci agashe, wanda ba wani abu ba ne illa tsirenmu da Hausawa suka kawo ƙasar har ya zama na kowa. A bangon da mai shayi ta jingina kayanta na ga iri na uku, Menemerus bivittatus, ruwan toka, jikinsa a baje kamar an danne shi da guga, ya saje da siminti. Shi nasa lissafin a juye yake tsakanin jinsi: namiji baƙin zane ɗaya ne a tsakiyar ciki da haske a gefe, mace kuwa haske a tsakiya, baƙin zane biyu a gefe da suka haɗu a ƙarshe. Auta ne ya fara cewa mace ce, kuma daidai ne.

Bakin kogi ne ya rage mini gudu. In ruwa ya ja baya, mutane sukan shuka gaɓar da ya bari, su kira ta jarif: kuɓewa, tumatir, albasa, kabewa. Can na yi safiya uku. Na cikin gida an san su, an zana su, an ɗauki hotonsu a ƙasashe da yawa. Na cikin ganye wata duniya ce. A kan ganyen kuɓewa na kama wata mace doguwar ciki, ruwan zuma, da zane biyu ruwan goro da suka bi tsawon cikin, an yayyafa musu ɗigon fari da baƙi a jere. A gefen idanunta wasu tsinkayen baƙin gashi sun miƙe kamar ƙaho. Wannan ƙahon gashi da wannan tsarin ciki sun ce mini 'yar gidan Thyene ce. Na rubuta haka, na ja layi, na tsaya. Gidan Thyene yana da 'ya'ya da yawa a Afirka, matansu kuma suna kama da juna ƙwarai. Wanda ya ƙara suna na biyu, wato na ainihin irin, daga kallon launi kawai, ya yi shaidar abin da bai gani ba.

Dalilan suna da yawa, kuma duk na gan su a gaɓar nan. Launin gizo mai tsalle yawancinsa ba a fata yake ba, a jikin gashi ne da wasu 'yan ɓawo masu kama da na fiffiken malam-buɗe-littafi. Tsoho yakan goge, farin zanensa ya zube ya bar baƙi. Wanda ya yi saɓa jiya fes yake, kamar an wanke. Ƙanana kuma, maza da mata, kamannin uwa suke ɗauka, sai a saɓar ƙarshe namiji ke sa rigar angonci. Hasken rana ma yana da nasa: abin da ka gani kore mai sheƙi da hantsi, da la'asar ya koma ruwan tagulla. Shi ya sa masu wannan ilimi ba sa yanke hukunci sai sun sa halittar a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike, sun duba ƙirar 'yan hannuwan bakin namiji, waɗanda da su yake barbara, ko ƙirar al'aurar mace a ƙarƙashin ciki. Kowane iri da tasa ƙirar, kamar makulli da ɗansa. Da irin wannan duban ne wata masaniya 'yar ƙasar Folan mai suna Wanda Wesołowska ta bayyana ɗaruruwan iri, da yawansu na Afirka, kuma sunayen duka ana tattara su a wani kundi na duniya da ake kula da shi a birnin Bern na Suwizalan.

A jikin wata bagaruwa kuma Auta ya sha mamakin da har na baro garin yana ba da labarinsa. Tururuwa na hawa da sauka, sai na ce ya nuna mini wadda ba tururuwa ba a cikinsu. Ya duba ya duba ya ce duk ɗaya ne. Na kai tsinke kusa da wata, maimakon ta kauce da gudu sai ta saki jiki ta faɗo, ta tsaya tana lilo a kan zare. Tururuwa ba ta da zare. Muka sa ta a kwalba: ƙugu siriri, jiki mai sheƙi, tana tafiya da ƙafa shida, biyun gaba ta ɗaga su sama tana kaɗawa kamar gashin kan tururuwa. Ƙirga su da kyau, takwas ne. Ta gaba kuma ga manyan idanun nan biyu. Myrmarachne ke nan, mai shigar tururuwa, domin tsuntsaye da zanzaro ba su cika son tururuwa ba. A irin wannan, launi ba ya taimakonka da komai. An yi shi ne musamman don ya ɓatar da mai kallo.

Da yammacin ranar muna shan jabana, wato gahawarsu, a zauren Baffa, wani dattijo abokinsa ya shigo. Ya haura tamanin, yana cikin waɗanda suka taso da ƙafa suna samari. Kumatunsa cike da tsage, dogaye, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, daga Kabi aka taso ke nan?"

Ya yi murmushi ya shafa kuncinsa. "Bagobiri ne ni, ɗana. Kama da wane ba ta wane. Ku yaran yanzu kun ga zane dai kun ce zane. A da mutum zai dube ka ya ƙirga, ya ga inda aska ta fara da inda ta tsaya, ya faɗa maka garinku kafin ka buɗe baki."

Na ba shi haƙuri, na kuma roƙe shi ya nuna mini yadda ake ƙirgawar. Ya nuna, da yatsa, a kan fuskarsa. Ya ce da ya iso ƙasar nan ya tarar su ma suna da tasu, suna ce mata shulukh. 'Yan ƙabilar Shaigiyya uku-uku suke yi a kwance a kowane kunci. Sannan ya ce aska gida take faɗa, ba ta faɗin sunan yanka. In kana son wannan sai ka zauna da mutum. Auta ya dube ni, na dube shi. Littafina yana aljihu da kalmar Thyene da layin da na ja a gabanta.

Inna ce ta yi mini tambayar da na san za a yi. Tana dama gudu-gudu, wanda ɗan'uwan furarmu ne, ta ce, "To Ustaz, duk wannan wahala, me zai ƙara wa mutum?" Na ce mata wanda ke bangonta yana rage mata ƙuda da sauro kullum ba ta biya shi ko sisi. Na ba ta labarin wani ɗan'uwansu da ke bakin tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, Evarcha culicivora, wanda aka bayyana a 2003: shi abincin da ya fi so macen sauro ce da ta sha jini ta ƙoshi, kuma yana iya tsamo ta daga cikin sauran ƙwari. Ba zai maye gurbin gidan sauro ba, na faɗa mata haka ƙarara. Amma da wani bai durƙusa ya bambanta shi da maƙwabtansa masu kama da shi ba, da har yau ba a san da wannan hali ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibaina suna haddace sunayen halittun da ba za su taɓa gani ba don cin jarrabawa, alhali ba wanda ya taɓa ce musu su dubi bangon ajinsu. Ta ce ita dai ta yafe wa na ƙofar ɗakinta, amma kada ya shigo mata cikin kwanuka.

Ranar da zan taho na bar wa Auta madubin da kwalbar. Na nuna masa yadda zai ɗauki hoto da waya: ɗaya ta sama don a ga zanen baya, ɗaya ta gaba don a ga fuska da 'yan hannuwa, ɗaya ta gefe, kuma ya ajiye ƙwayar shinkafa ko tsinken ashana kusa don a gane girma. Ya rubuta rana da wuri, bango ne ko ganye ko ƙasa. In ya gama ya sake shi inda ya kama shi.

Da yaƙi ya iso yankin Sinnar a tsakiyar 2024, muka yi makonni ba mu ji daga gare su ba. Daga baya labari ya zo cewa Baffa ya kwashe iyali sun nufi Gadarif, suna zaune a ɗaki biyu a gidan wasu dangin Inna. Dattijon nan Bagobiri ya ce ya yi tafiyarsa tun yana saurayi, ba zai ƙara wata ba, ya zauna.

Wata uku bayan haka saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga wata lamba da ban sani ba. Hotuna uku ne, ɗaya ta sama, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, da tsinken ashana a kusa. A ƙasa an rubuta: "Yaya, Gadarif, bangon makewayi, da safe. Ina jin mai jinjirin wata ne, namiji, amma na ƙeyarsa ya goge." Na buɗe hoton na ƙara masa girma. Jinjirin watan ƙeya ya kusa ɓacewa, saura ɗan burbushi. Na farkon ciki yana nan, 'yan hannuwan bakin kuma fari tas. Na rubuta masa cewa shi ne, tsoho ne kawai, sannan na tambaye shi jikin Baffa.